Shekarar da Inna Ta Hana Ruwa

'Yar'uwarku Hauwa ta dawo daga wani biki a Ƙofar Ran idonta jajir. Ta ce suna zaune ana rabon abinci wata tsohuwa ta nuna ta da baki, ta ce wa ta kusa da ita, ai wannan jikar mai rowar ruwa ce. Na daɗe da sanin wannan magana tana yawo a unguwa, ina yin kamar ban ji ba, don ina ganin in waɗanda suka ga abin da idonsu suka ƙare za ta bi su. Ashe har gadonta ake bari. Tunda ta kai kunnen 'ya'yana, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku ji daga bakin wadda aka yi abin saboda ita. Kakarku Inna ta hana ruwa, ba zan ɓoye muku ba. Amma ya kamata ku san wane ruwa ne, da abin da ya sa ta hana.

Shekarar da Baba, mahaifina, ya rasu ina can kudu, bakin teku, ina karatun digiri na uku a kan 'ya'yan dodon koɗi na ruwan gishiri. Kun sha yi mini dariya a kan wannan, wai 'yar Bauchi, garin da ko kogin kirki babu, ta rasa abin karantawa sai abin teku. Ku yi dariyarku, amma ku saurara, don in ba ku san abin ba ba za ku gane sauran labarin ba. Na teku ba da jan ciki yake fara rayuwa ba. Yana fitowa daga ƙwai bai kai ƙwayar yashi ba, da ɗan ƙoƙonsa garau kamar gilashi, da wasu fukafukai biyu masu siririn gashi a gefe, da su yake iyo. Da yake jikinsa garau ne, in ka sa shi a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa komai nasa a fili yake. Za ka ga ɗigon ido biyu baƙaƙe, ba sa ganin siffa, haske da duhu kawai suke bambantawa. A gindin ƙafarsa akwai 'yan jakunkuna biyu, kowacce da tsakuwa a ciki, da su yake sanin sama da ƙasa. Akwai kuma jijiyoyin da suka tashi daga ƙwaƙwalwa suka bi bakin fukafukan, in ka ƙwanƙwasa tebur su ne ke tsayar da gashin nan cak, ya shige ƙoƙo ya ja murfi ya nutse. Wanda ya ɗauke mini hankali shi ne wani ɗan curin jijiyoyi a tsakiyar kansa. Da shi ake kyautata zaton yake ɗanɗana ruwa yana tafe, har ranar da zai ji ƙanshin irin taɓon da iyayensa ke zama a kai, sai ya sauka, ya zubar da fukafukan, ya soma jan ciki. Aikina shi ne in bi wannan curi tun daga ƙyanƙyasa har sauka, in zana abin da na gani.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a gidan da aka riƙe al'ada. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ran da ta yi nishaɗi kuma "'yar bokon nan". Ba ta taɓa tambayata ko na ci abinci a gaban mutane ba, balle ta ce ta yi kewata. Ƙannena maza aiki ya watsa su garuruwa. Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa, na tsaya a bakin zaure na hango ta zaune ita kaɗai a ƙofar ɗakinta cikin takaba tana jan carbi, gidan ya yi mata girma. A nan na ƙudurta a raina ba zan sake barin garin nan ba. Babanku dama a nan yake aiki, ni ce mai kai da komowa, don haka ya yi murna. Saura malamina, wani dattijo ɗan kudu da ba ya son dogon surutu. Na koma na same shi na faɗa masa a Bauchi zan ƙarasa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ba ni da haufi a kanki," in ji shi, "amma teku ba ta zuwa Bauchi. Je ki gwada. In kika raine su a can har suka sauka, kika kawo mini zanen abin da kika gani, zan sa hannu. In shekara ta zagayo ba su sauka ba, ko ki dawo nan ki ƙarasa, ko ki haƙura da karatun."

Haƙura ba ta cikin tsarina, kun san halin uwarku. Dawowa kuma tana nufin wasu shekaru Inna na zaune ita kaɗai. Ban faɗa mata wannan sharaɗi ba. Yadda ba ta iya ce mini kar in tafi, haka ni ma ba na iya ce mata saboda ita na zauna.

A Gwallaga akwai wata mata 'yar kudu, Mama Idara, mai shagon manja da busasshen kifi. A bayan shagon take ajiye buhun ƙananan dodon koɗi masu dogon ƙoƙo, da ransu, waɗanda mutanensu ke sa wa a miya. Irinsu nake aiki a kai, kuma daga garinsu ake ɗoro mata su a mota. Na ce ina so ta riƙa sa wa a haɗo mini da ruwan wurin da aka kamo su, da ɗan taɓo a leda. Ta ajiye mudun da ke hannunta.

"Ruwa? Dakta, kai ka yi karatu har ka gaji, yanzu ruwa kana so daga garinmu? Direba zai ce Mama Idara ya haukace."

Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta, kuma abin da ke cikinta shi ke fita. Amma ta yi mini. Direban ya ce jarka biyu kawai zai iya ɗauka, motar kuma ba kullum take zuwa ba, wani lokaci sai wata ya shige. Na gwada haɗa nawa da gishirin kasuwa, bai yi ba. Saboda haka ruwan nan ya zama abin tattali, da cokali nake auna shi in ta kama.

Inda nake koyarwa can wajen Gubi ɗakin gwajin rufin kwano ne, da rana sai ka ce tanda, ga nisa. Ɗakin Baba kuwa na soro ne, katangar ƙasa mai kauri, ko a tsakiyar bazara da sanyinsa. Na share shi, na jera kwanonin gilashi, na aro madubin likita na ajiye kusa da taga, na jera kwalaben gansakukar da nake ciyar da su inda rana ke taɓawa. Nakan zo da sassafe, in wuce aiki, in sake biyowa bayan la'asar. Manyan suka yi ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ranar da na ga na farko yana juyi a ƙarƙashin madubi, a ɗakin ubana, a Ƙofar Ran, sai da na yi sujada. Ba a jima ba suka fara nutsewa, suka mutu kaf. Na sake, suka sake mutuwa. Na zargi zafi, na zargi hayaƙin murhu, har turmi na sa aka mayar can ƙarshen gida, don na san girgizar daka tana tsorata su. Inna tana kallo ta ce da matan gidan, ba da ni ba, "Yau kuma ƙwari ne ke ciwon kai."

Rabin shekara ta kusa tafiya a haka, ina ramewa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne jarkar ba ta raguwa yadda ya kamata. Wata safiya na zuba wa wasu masu ƙoshin lafiya sabon ruwa ina kallonsu ta madubi. Yana taɓa su gashin ya tsaya, suka shige ƙoƙo suka ja murfi, alhali ban motsa tebur ba. Na tsoma yatsa a jarkar na kai baki, na ji shi kusan lami. Ni kuwa ran da aka kawo shi na auna gishirinsa, daidai yake. Washegari na ƙi wucewa aiki, na dawo da hantsi. Na tarar da mata a tsakar gida, wata da kwalba, wata da ƙoƙo. Gwaggo Talatu ta miƙe ƙafa a kan tabarma ana shafa mata ruwa a gwiwa. A cikin ɗakin Baba kuma ga Inna ta sunkuya da moɗa, tana bisimilla tana zuba ruwan rijiya a jarkata.

Ku fahimce ta kafin ku yi mata hukunci. Da ta dawo aikin hajji ta zo da 'yar jarkar zamzam, ta yi shekaru ba ta ƙare ba, don duk wanda ya zo aka tsam masa, sai ta cike gurbin da ruwan randa. Haka kowa ke yi, albarka ba ta tsinkewa don an ƙara ruwa. A unguwa kuma an yi ittifaƙi ruwan teku maganin ciwon ƙafa ne da ƙaiƙayi, ga shi Allah ya kawo shi har gida. Na haɗiye maganata sai da matan suka watse.

"Inna, me kike zubawa a ciki?"

"Ruwanki nake mayar miki. Duba ki gani, har wuya, ko ɗigo ban rage ba."

"Inna, gishirin ne rayuwarsu. In aka sirka shi mutuwa suke yi."

"Zamzam ma da ya fi shi daraja ana ƙara masa. Kuma maƙwabci ya zo da ƙoƙonsa in ce masa me? In ce ƙwari sun fi shi?"

Na tafi kasuwa na sayo kwaɗo na garƙame ɗakin, na ɗaure makullin a bakin mayafina. Ko yau aka maimaita haka zan yi, don ban ga wata hanya ba. Amma na sha zafinsa. In na gaishe ta sai ta ce "Lafiya" ta kau da kai. Abincin da take rufe mini a bakin ɗaki yana nan kullum, magana ce dai babu. A unguwa kuma aka fara cewa 'yar boko ta sa wa ruwa kwaɗo a gidan ubanta.

Ana cikin haka Mama Idara ta rako mai kura da sababbin jarkoki. Ta ga ina kiciniyar buɗe kwaɗo, ta tambaya ko ɓarayi sun shigo. Inna ta ce a'a, ita da kanta ce ɓarauniyar. Mama Idara ta dube ni, ta dube ta, ta riƙe ƙugu.

"Hajiya, kai ba ka sani ba? In ƙwarin nan ya sake mutu, Dakta zai koma teku. Shekara biyu, shekara uku, ba ka gan shi. Don kai ne yana wahala da jarka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da muka yi wata da watanni muna kewayewa ta zazzage shi a tsakar gida kamar ta zazzage buhun kifi. Inna ba ta ɗago ba, carbinta dai ya tsaya. Can ta ce, "Allah ya saka da alheri, a gaida gida."

Da safe na shigo na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, ba ni makullin nan."

Na kwance na ba ta. Ta je ta buɗe kwaɗon, ta zare shi, ta jefa a cikin kwandon tarkace.

"A gidan nan ba a taɓa sa wa ruwa kwaɗo ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

Na ce shi ke nan, sai in fara ɗaure kaya. Sai na ga ta jawo tabarmarta daga ƙofar ɗakinta, inda ta fi shekara talatin tana zama, ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin Baba, ta zauna ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Tafi aikinki," in ji ta.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Gwaggo Talatu. Tare aka kawo su unguwar suna amare, gida na kallon gida. Da aka haife ni, da yake Inna ba ta ɗaukata a gaban mutane, ita ce ta goya ni, ita ce mai kiran sunana da ƙarfi daga zaure. Sirrin da Inna ba ta faɗa wa Baba ba ta faɗa mata. Wata Asabar da hantsi ina cikin ɗaki ina zane na ji takun sandarta.

"Hajiya, ga ƙoƙon. Gwiwar nan ta hana ni sakat."

"Talatu, ruwan nan ba na bayarwa ba ne."

"Ni ce fa."

"Na san ke ce. In na ba ki, gobe ba ni da bakin hana kowa."

Na fito da sauri ina ganin zan gyara. Na ce, "Gwaggo, akwai wanda na sauya musu jiya, gishirinsa ɗaya ne, bari in ɗebo miki." Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni da na goya ki, sauran ƙwari za ki ba ni?"

"Bar yarinyar nan," in ji Inna. "Ni na hana, ba ita ba."

Gwaggo Talatu ta kife ƙoƙonta a ka, ta dogara sandarta ta fita. Tun daga ranar duk wadda ta zo amsa ɗaya take samu, ni na hana. Da Inna ta ga dama da ta ce 'yar boko ce ta ɗaure mata hannu, kowa zai yarda, har a taya ta jaje. Ba ta taɓa faɗa ba. Ta cire sunan daga kaina ta ɗora a nata, matar da tun tasowata ban taɓa ganin an sauke tukunya a gidanta ba a miƙa wa maƙwabta ba.

Damina ta sauka, hanya ta lalace, motar ta ƙara jinkiri. Ruwan ya yi ƙaranci har sai da na koma tace tsohon da ƙyalle ina maimaitawa, don haka ko kwalba ɗaya ba ni da ita ta aika wa Gwaggo. Inna tana nan a ƙofa. In ruwan sama ya taso ta matsa ciki, in ya ɗauke ta fito. Suna da biki ta daina zuwa sai in ina gidan. Yara in sun shigo da gudu ta ɗaga musu hannu tun daga zaure, wai masu ciwon kai suna barci. Matan da ke cika tsakar gidan da hira suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in na dawo bayan la'asar ita kaɗai nake tararwa da carbinta. Ina ganin haka raina yana ƙuna, kuma ban fasa ba. Na ce tunda ta biya wannan, wallahi sai sun sauka.

Suka rayu. Na ga idanun sun ƙara baƙi, ƙafar tana tsawo, tsakuwar nan tana rawa a cikin jakarta in sun juya. Na zana curin tsakiyar kai har hannuna ya san shi ba sai na duba ba. Da na ga sun fara sassauta iyo suna shafar gindin kwano, na ɗebo taɓon Mama Idara na shimfiɗa musu kaɗan. Suka yi kwanaki suna sauka su taɓa su tashi, kamar mai taya kaya a kasuwa. Wata safiya na leƙa na ga ruwan saman fayau, ba mai iyo. Na ce sun mutu. Na ɗebo taɓon na sa a madubi, sai ga su suna jan ciki, fukafukan sun zube. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Daga baya da na rina su da launin gwaji na duba, na ga curin nan da ya nemo musu wurin zama ya fara narkewa, aikinsa ya ƙare.

Na fito na durƙusa a gefen tabarmarta. Ba ta taɓa leƙa madubin ba, ranar ma ba ta nema ba.

"Inna, sun sauka."

"Sun zauna ke nan?"

"Sun zauna."

Ta ja carbi kaɗan, idonta a kan katanga.

"Ba za a koma ba ke nan?"

"Ba za a koma ba, Inna. Zane kawai zan kai in dawo."

"To," in ji ta.

Ta tashi ta ɗauko kwanonta na sha mai murfi, wanda take ba manyan baƙi ruwa da shi. Ta shiga ɗakin ta tsiyaya daga jarka har ya cika, ba ta sirka ba. Ta yafa mayafi ta fita, ina hango ta ta zaure ta tsallaka zuwa gidan Gwaggo Talatu tana riƙe da shi da hannu biyu. Na zauna ina jira. Ba ta daɗe ba ta dawo, kwanon yana hannunta a cike yadda ta fita da shi. Ta ajiye a gabana a hankali.

"Mayar da shi, kar a yi asara."

Gwaggo Talatu ba ta sake taka gidanmu ba sai ranar da ta zo gaisuwar rasuwar Inna. Ta zauna a bakin zaure ta yi kukanta ta tafi, ba ta yi wa kowa magana ba. Tsakanin ranar kwanon da ranar gaisuwar shekaru ne masu yawa, kuma duk ina garin nan. Ni nake kai Inna asibiti, ni nake yanke mata farce, a kan cinyata ta cika. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ba ta kuma ce ta ji daɗin zamana ba. Ban taɓa jiran ta faɗa ba, don na ga inda ta shimfiɗa tabarmarta.

Saboda haka Hauwa, in an sake nuna ki da baki a gidan biki, kar ki sunkuyar da kai, kar kuma ki yi faɗa da tsohuwa. Ki gaishe ta da ladabi, ki ce eh, ke ce jikarta.